Panavia, Mannen da Yawu Ya Kasa Ɓamɓarewa

Tun 1983 Panavia yake kasuwa, kuma har yau ban ga simintin haƙorin da ya kama ƙafarsa ba. Da bakin masoyi nake magana, ba na kuma ɓoyewa. Ba abu ne mai ɗaukar ido ba: sirinji ɗaya ko biyu da 'yan ƙananan kwalabe a cikin kwali, aikin kamfanin Kuraray na ƙasar Japan. Wanda aka yi wa aiki da shi ba ya ganinsa, sunansa ma bai sani ba. Madubi zai duba, ya ga sabon haƙorinsa na tangaran fari tas, ya yi wa likita godiya ya kama hanya. Amma abin da zai sa haƙorin nan ya shekara goma ko ashirin a bakinsa yana ɓoye a tsakanin tangaran ɗin da haƙorin asali, siririn shafi ne wanda kaurinsa bai wuce na silin gashi ba. Wannan shafin nake so in yi wa kirari.

Baki wuri ne mai wuyar sha'ani ga kowane irin manne. Ba ya bushewa, dare da rana. Ɗuminsa digiri 37 ne, amma mutum zai kurɓi shayi mai tururi ya bi shi da ruwan ƙanƙara, sai tangaran da haƙori da manne kowannensu ya buɗe ya tsuke gwargwadon halittarsa. Ga tsamin zoɓo da na lemo, ga ƙwayoyin cuta, ga taunar nama da goro da rake, ga masu cizon haƙora cikin barci. Duk cikinsu babu mugu irin ruwa. A hankali yake kutsawa, yana warware ɗaurin sinadarai ɗaya bayan ɗaya, ba ya gaggawa kuma ba ya hutawa. Manne da yawa suna da ƙarfin ban mamaki ranar da aka shafa su. A koma musu bayan wata shida cikin ruwa, a nan ake gane na gaske.

Kafin a gane darajar Panavia sai an san halin da ake ciki a da. Mu da muka tashi muna ganin haƙorin Makka a bakin alhazai mun san hular haƙori, kwanso ne da ake kifa wa haƙori a rufe shi. Tsohon simintin da ake zaunar da hula da shi, na zink fosfet, wanda likitoci ke aiki da shi tun ƙarni na 19, ba ya manna komai. Cike tazara kawai yake yi ya daskare, hular kuwa matsi ne ke riƙe da ita. Saboda haka dole likita ya sassaƙe haƙorin ta kowane gefe har ya koma ɗan dungu mai tsayayyun bango. A 2002 Daniel Edelhoff da John Sorensen suka auna abin da ake zubarwa: idan za a yi wa haƙorin gaba cikakkiyar hula, kashi 63 zuwa 72 cikin 100 na nauyin abin da ke saman dasashi ne ke tafiya. Idan kuwa ɗan siririn fallen tangaran za a manna a fuska, ko fiffike a bayan haƙori, abin da ake cirewa kashi 3 ne zuwa 30. Ban taɓa karanta waɗannan alƙaluma ban ji tsigar jikina ta tashi ba. Haƙori ba ya tofowa. Abin da injin likita ya ci ya ciyu har abada. Kuma wanda ya rasa haƙori ɗaya, a tsohon tsari lafiyayyun maƙwabtansa biyu ake sassaƙewa don a ɗora gada mai hula uku.

Hanyar fita ta faro ne a Amurka. A 1955 Michael Buonocore, a birnin Rochester, ya nuna cewa idan aka shafa wa farin ɓawon haƙori asid na fosforik, fuskarsa takan yi ƙananan ramukan da ido ba ya gani, rezin, wato ruwan roba mai daskarewa, ya shiga ciki ya kama. A farkon shekarun 1960 Rafael Bowen ya haɗa rezin ɗin da ake kira Bis-GMA, wanda har yau shi ne ƙashin bayan farin cikon haƙori. A 1983 kuma John Calamia da Richard Simonsen, da Harold Horn a nasa ɓangaren, suka nuna cewa shi ma tangaran ana iya yi masa haka da asid na haidurofulorik. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya san dabarar: sai ya kankare tiyub ya yi kaushi kafin ya shafa gam. Bayan asid ɗin ya ci gilashin da ke cikin tangaran ya bar kaushi, sai a shafa wani sinadari mai suna silan, wanda ke ɗaure silika da rezin. Tangaran ɗin IPS e.max na kamfanin Ivoclar, wanda ya fito a 2005, daƙiƙa 20 ake ba shi a asid mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, irin su IPS Empress kuma daƙiƙa 60. Wannan hanya ta yi aiki, ta kuma daɗe tana yi. Binciken da Ulrike Beier da abokan aikinta suka wallafa daga Innsbruck ta Ostiriya a 2012 ya samu cewa kusan kashi 93 cikin 100 na fallayen tangaran suna nan daram bayan shekara 10, kusan kashi 83 kuma bayan shekara 20.

To ina Panavia ya shigo? Kuraray ba kamfanin haƙori ba ne asali. A 1926 aka kafa shi a garin Kurashiki don yin zaren reyon, ƙwarewarsa ta sarrafa sinadaran roba ce ta kai shi bakin mutane. A 1978 ya fitar da mannen Clearfil na farko, a zamanin da Farfesa Takao Fusayama na Tokyo ke koyar da cewa a rage sassaƙa a dogara da manne, likitocin Yamma da yawa suna yi masa kallon mai ganganci. A 1981 masana kimiyyar kamfanin suka haɗa sinadarin da ake kira MDP, bayan shekara biyu suka zuba shi cikin Panavia na farko, wanda gari ne da ruwa ake kwaɓawa.

Ina son tsarin MDP ƙwarai, domin duk wanda aka zana masa shi a takarda zai gane shi nan take. Doguwar ƙwaya ce mai kai biyu. Kai ɗaya fosfet ne, mai tsami, wanda ke kama kalsiyam ɗin haƙori, yake kuma kama fuskar ƙarfe da ta tangaran mai sinadarin ƙarfe. Ɗaya kan yana shiga cikin rezin ya daskare tare da shi su zama jiki ɗaya. Tsakaninsu akwai sarƙar kabon guda goma, kuma ita wannan sarƙa ba ta shiri da ruwa ko kaɗan. A nan hikimar take! Sauran sinadaran manne ma suna da kai biyu, amma gajeru ne ko masu son ruwa, don haka ruwa ke samun hanya ya kai ga ɗaurin ya kwance shi. Shi MDP yana kamawa, sannan ya tsare wurin da ya kama. A 2004 Yasuhiro Yoshida, tare da Bart Van Meerbeek na Jami'ar Leuven a Beljiyam da wasu abokan aiki, suka gwada shi da manyan kishiyoyinsa biyu, 4-MET da Phenyl-P, suka samu cewa MDP ya fi su saurin kama ma'adinin haƙori, gishirin da yake haɗawa da kalsiyam kuma ya fi nasu wuyar narkewa. Daga baya aka ɗauki hotonsa da na'urar hangen ƙananan abubuwa aka ga ƙwayoyin suna jera kansu sahu-sahu a kan haƙori.

Da farko don ƙarfe aka yi Panavia. A farkon shekarun 1980 Gus Livaditis da Van Thompson na Jami'ar Maryland sun yaɗa gada mai fikafikan ƙarfe da ake mannawa a bayan haƙora ba tare da an sassaƙe su sosai ba, kuma Panavia ya zo ya dace da ita. Babbar jarrabawarsa kuwa sai da zirkoniya ta shigo ɗakin likita.

Zirkoniya farin tangaran ce mai taurin tsiya. Tun 1975 Ron Garvie da abokan aikinsa a Ostareliya suka nuna cewa idan tsaga ta fara a jikinta, ƙwayoyin da ke bakin tsagar sukan sauya siffa su kumbura su matse ta. Likitoci suka yi murna, ga fari ga ƙarfi. Sai dai babu gilashi a cikinta. Asid ɗin haidurofulorik ba ya samun abin ci, silan ba ya samun silikar da zai kama. Duk dabarar 1983 ta tashi a banza a kanta, har magana ta yaɗu cewa zirkoniya ba ta mannuwa, kuma har gobe za ka ji wasu likitoci suna maimaita wannan magana.

Matthias Kern na Jami'ar Kiel a arewacin Jamus shi ya kashe bakin zancen. A 1998 shi da Stefan Wegner suka wallafa wani gwaji da nake ganin ya kamata kowane ɗalibin likitan haƙori ya san shi. Suka feshe fuskar zirkoniya da garin alumina don ta yi kaushi, suka manna mata rezin ta hanyoyi daban-daban. Ba su tsaya ga auna ƙarfin a kwana uku ba, yadda masu talla ke so. Suka jiƙa wasu samfuran a ruwa kwana 150, suna tsoma su a ruwan sanyi mai digiri 5 suna mayar da su na zafi mai digiri 55, har sau 37,500. Rezin na gama-gari da kansa ya saki a cikin ruwan, ba wanda ya ja shi. Ƙara silan bai cece shi ba. Waɗanda suka fito da ƙarfinsu su ne masu sinadarin fosfet ɗin nan, wato Panavia EX da Panavia 21. Suka sake bin sawun abin har shekara biyu cikin ruwa, a 2000 suka wallafa, maganar ba ta sauya ba. Kai, ina ƙaunar irin wannan gwaji, domin tambayar da mai haƙori zai yi ita suka yi: shin zai daɗe?

Kern bai tsaya a ɗakin gwaji ba, kuma abin da ya biyo baya shi ya mayar da ni cikakken ɗan gani-kashe-nin wannan siminti. Shi da abokan aikinsa sun fara yin gadar tangaran zalla mai fiffike biyu, ɗaya a bayan maƙwabcin dama ɗaya a bayan na hagu. Sai suka lura cewa wasu gadojin suna karyewa a gefe ɗaya, amma ragowar, mai rataye da fiffike ɗaya tak, tana ci gaba da aiki shekara da shekaru. Dalilin a fili yake idan aka yi tunani. Kowane haƙori yana ɗan motsi a gurbinsa lokacin tauna, kuma haƙora biyu ba sa motsi iri ɗaya. Gadar da ta ɗaure su biyun kullum ana murɗa ta. Wadda ke kan haƙori ɗaya kuwa tare suke tafiya. Sai suka koma yin ta da fiffike ɗaya da gangan. A 2011 Kern da Martin Sasse suka kawo sakamakon shekara 10 na gadojin alumina: masu fiffike biyu kashi 73.9 cikin 100 suka tsira, masu ɗaya kashi 94.4. A 2017 kuma aka kawo na zirkoniya, gada 108 a bakin mutum 87, waɗanda suka tsira a shekara 10 kashi 98.2 cikin 100. 'Yan kaɗan da suka ɓalle an sake manna su suka ci gaba da aiki.

A tsaya a dubi abin da ake faɗa. Cikakken haƙorin gaba, wanda za a gatsi nama da shi, yana rataye da wani fiffike siriri a bayan maƙwabcinsa. Babu ƙusa, babu hula, babu ƙugiya. Maƙwabcin ɗan gogewa kawai aka yi masa a cikin ɓawonsa, sau da yawa ko allurar kashe zafi ba a buƙata. Manne ne kaɗai ke riƙe da komai, cikin yawu, shekara goma. Tubarkalla!

Nakan tuna da samarinmu duk lokacin da na karanta aikin Kiel. Giɓin gaba da faɗuwar babur ko wasan ƙwallo ke bari ba baƙon abu ba ne a Kano ko Zariya ko Maraɗi. Yaro ɗan shekara 15 ba a dasa masa haƙori mai ƙusar taitaniyam, domin muƙamuƙinsa bai gama girma ba, kuma ko ya girma kuɗin dashen ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Abin da ya rage masa shi ne haƙorin roba na cirewa da sawa, mai tara datti a gindin dasashi, mai sa yaro rufe baki da hannu idan zai yi dariya, ko kuma a sassaƙe masa lafiyayyun haƙora biyu tun yana ƙarami. Gada mai fiffike ɗaya ta raba shi da duka biyun, kuma ba ta toshe masa hanyar dashe ba idan ya so daga baya.

Sai dai Panavia siminti ne mai son a bi ƙa'idarsa, kuma wannan ma yana cikin abin da ya sa nake girmama shi. Fuskar zirkoniya sai an feshe ta da alumina mai girman maikuron 50, da iska mai sauƙin matsi, don kada a raunata tangaran ɗin. Bayan an gwada aikin a baki, yawu ya riga ya taɓa shi, kuma yawu yana ɗauke da furotin da fosfet nasa na kansa waɗanda ke rige MDP zama a gurbin. Kurkurewa da ruwa ba ta fitar da su. Ko dai a yi feshin bayan gwaji, ko a wanke da abin wankin da aka yi don haka, irin su Ivoclean ko Katana Cleaner. Markus Blatz na Jami'ar Pennsylvania ya taƙaita aikin a mataki uku: feshi, shafin MDP, siminti na rezin. Haƙorin kansa sai an killace shi da shimfiɗar roba don numfashi da yawu da jinin dasashi kada su kusance shi. Sau da yawa idan aka ce manne ya saki, a bincika za a tarar ɗaya daga cikin waɗannan aka tsallake.

Akwai kuma maganar inda aka manna. Ɓawon haƙori kusan kashi 96 cikin 100 ma'adini ne, busasshe, mai riƙe amana. Dantin da ke ƙarƙashinsa jiƙaƙƙe ne, cike da ƙananan bututu da zaren kolajin, kuma a 2004 David Pashley da abokan aikinsa suka nuna cewa yana ɗauke da sinadaran da ke cin wannan zare a hankali bayan asid ya tone shi. MDP ya fi kowa iya zama da dantin, amma shi ma ya fi daɗewa a kan ɓawo. Wato likitan da ya rage sassaƙa ya bar wa mannensa wurin da ya fi kamawa, manne mai kamawa kuma shi ke ba likita damar rage sassaƙa.

Tsofaffin nau'o'in Panavia suna da wani hali da ke burge ni har yanzu. Panavia 21, wanda ya fito a 1993, ba ya daskarewa matuƙar iska na taɓa shi. Likita zai kwaɓa, ya shafa, ya zaunar da aikin a natse, ya share abin da ya fito ta gefe yana nan da laushinsa, sannan ya zagaye bakin da wani man da ake kira Oxyguard wanda ke tare iska, sai simintin ya kama. A cikin hular kuwa, inda iska ba ta shiga, tuni ya fara aikinsa. Panavia F da F 2.0 suka ƙara daskarewa da hasken fitila. A 2012 sashen haƙori na Kuraray ya haɗe da na Noritake, kamfanin Nagoya da duniya ta sani da farantan tangaran, suka zama Kuraray Noritake Dental, mai manne da mai tangaran a gida ɗaya. A 2015 suka fitar da Panavia V5, wanda a wurina shi ne ya ciri tuta. Sirinji ɗaya ne mai gauraya kansa, da kwalba ɗaya ta haƙori, da kwalba ɗaya ta tangaran mai ɗauke da MDP da silan tare, don haka ko gilashi ne ko zirkoniya ko ƙarfe, shafin guda ne. An cire masa sinadarin amin da ke sa tsofaffin siminti yin rawaya da tsufa, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a ƙarƙashin siririn fallen da haske ke ratsawa. Gefen aikin da aka yi da shi yana daɗewa da farinsa.

Yana da tsada, ba na musu. Yana kuma son sanyi: irin su F 2.0 a firij ake ajiye su, kuma a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40 wuta kuma ba tabbas, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kwalin da ya kwana a sito mai zafi ko ya daɗe a bayan mota kan hanyar Legas zuwa arewa zai iya isowa ƙarfinsa ya ragu, don haka likita ya san daga hannun wa yake saya, ya kuma duba ranar ƙarewar aiki. Amma idan aka ɗora kuɗinsa a sikeli ɗaya da haƙora biyu da ba a sassaƙe ba, da aikin da ba za a sake ba bayan shekara uku, ni ban ga tsada ba.

Abokan gasa ma sun sallama da aikinsu. Da wa'adin mallakar fasahar ya ƙare, kamfanoni suka yi ta rububin zuba MDP a kwalabensu. Scotchbond Universal na 3M, wanda ya fito a 2011, yana ɗauke da shi, haka mafi yawan mannen da ake kira na komai-da-ruwanka a yau. Wasu suna da kyau sosai, ina kuma yi musu fatan alheri, domin yawansu ya sauko da farashi ya kai sinadarin ɗakunan da a da ba ya shiga. Amma masu binciken Leuven da na Japan sun nuna cewa tsabtar MDP ɗin tana bambanta daga mai haɗawa zuwa mai haɗawa, kuma tana shafar yadda yake jure ruwa. Sun kuma nuna cewa silan ɗin da aka zuba a kwalba ɗaya da ruwa da tsami yakan lalace kafin a kai ga amfani da shi, shi ya sa tangaran mai gilashi har yanzu ya fi son silan da ba a zuba cikin irin waɗannan mannen ba. Ni dai idan fiffike ɗaya zan manna a bayan haƙorin yaro, na asalin nake ɗauka, wanda aka jiƙa a Kiel kwana 150 ya fito da ƙarfinsa.

Burina shi ne in ga wannan gada ta zama aikin yau da kullum a tsangayoyin koyon likitan haƙori na Jami'ar Bayero da ta Maiduguri, a koya wa ɗalibi feshin alumina da shimfiɗar roba da shafin MDP tun kafin hannunsa ya saba da sassaƙar dungu. Kayan da ake buƙata ba su da yawa: ƙaramar na'urar feshi, firij mai aiki, ɗakin ƙira da ke yanka zirkoniya, da kwalin Panavia.